Famfon Feshin Baba

Wata a cikinku ta rubuto min cewa labarina ya cika shiru, wai namiji ne ni ko dutse. Na gani. Ban amsa ba. Yau dai zan yi magana, don abin da ya same ni makon nan ya ƙi haɗiyuwa.

Ga wanda yau ya fara karantawa, ni ɗan mai shagon maganin gona ne. Na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba, sai Baba ya ajiye min kujera a bayan kanta. Maganin ƙwari, maganin ciyawa, takin zamani. Warinsu ya kama kayana har Umma ta ware min igiyar shanya ni kaɗai. Burin Baba ɗaya ne, in gaji shagon. Ban taɓa ce masa to ba, ban taɓa ce masa a'a ba. Haka muke da shi. Mu wuni a shago ɗaya, maganarmu ba ta wuce "miƙo" da "ga shi".

A shagon na fara ganinta. Farin hijabi da ya sha guga, takalmin roba irin na masu aikin asibiti, katin aiki rataye a wuya ta juya fuskarsa ciki.

"Buhu nake nema," ta ce.

"Na wane takin?"

"Wanda babu komai a ciki. Kuma wanda bai taɓa ɗaukar abin da kuke sayarwa ba."

Na dubi shagon daga sama har ƙasa. "To kin yi ɓatan kai."

"Na sani. Na dai hango ka zaune kamar wanda aka ɗaure, na ce bari in gwada."

Washegari na je gidan burodi na roƙo buhunan fulawa, na kai mata asibitin unguwa inda take aikin ba da kati. Tun daga ranar nake kiranta Mai Buhu. Sunan da na sa mata a waya ke nan har yau.

Bayan asibitin akwai wani fili da ake jibge karyayyun gadaje. Ita ta nemi izini, ita ta share, ita ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya har aka yi ƙungiyar lambu. Ba mu da yawa. Akwai Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta yi ritaya daga gyara wa mutane zama ba. Akwai Mai Shayi na bakin asibitin, da ke tara mana ɓawon ƙwai da ganyen shayin da aka tace, mu zuba a ramin taki. Sai matan unguwa kaɗan, sai ni. Dokarmu ɗaya ce: babu maganin kanti, babu takin zamani. Abin da ƙasa za ta ci, mu haɗa shi da hannunmu.

Ranar da na fara zuwa, Mai Shayi ya tare ƙofar da cikinsa.

"Ɗan mai guba a lambun marasa guba? Malama, a shinshina aljihunsa tukuna."

Aka yi dariya. Sunan ya bi ni. Ɗan Guba. Na yi kamar ban damu ba.

Kowa da abin da ya shuka, amma layin buhunan da ke jikin katanga na Mai Buhu ne. Barkono. Ranar shuka ta kwance wani ƙulli a tsohon ɗankwali, ta zuba irin a tafin hannuna. Bai rufe tsakiyar tafin ba.

"Na Mamata ne," ta ce. "A fasassun tukwane take shuka shi, duk shekara ta cire iri ta ƙulle. Wannan ne na ƙarshe da ta ƙulle da hannunta."

Na rufe hannuna don kada iska ta ɗauka.

Da aka zo dashe, akwai wani tsiro guda ramamme, ganyensa ya yi rawaya. Malama ta ce a yar, zai ci wuri ne kawai. Mai Buhu ta dasa shi a ƙaramin buhu ta miƙo min.

"Kai da ba ka magana, ga abokin hira. Ka kai shi gida ka yi jinyarsa."

Na kai shi bayan durom ɗin ruwa a tsakar gidanmu. Kwanakin farko na ba shi ruwa. Daga baya lambu ya ɗauke min hankali, kuma duk sanda na leƙa sai in tarar da ƙasar a jiƙe. Na ce Umma ce. Na bar mata.

A gida kuwa magana ta fara yawo. Yayata, da ta zo mana kwana biyu da jaririyarta, ita ta fara.

"Umma, kin ga autanki? Wanda ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa, wai shi ne ke yawo da kashin kaji a leda. Wace ce ita?"

"Ƙungiya ce," na ce.

"Ƙungiya mai farin hijabi?"

Umma ta yi kamar tana gyara goyon jikarta don ta ɓoye dariya. Baba yana zaune a kan tabarma da rediyo a gefensa. Bai ɗago ba.

"An ce min kana gaya wa mutane kayan shagona cuta ne."

"Ban ce ba."

"Amma kana zama da masu cewa."

Ya ƙara muryar rediyo.

Ku riƙe wannan. Zai dawo.

Barkonon ya tashi. Ganye kore shar, har ya fara fitar da ƙananan kawunan fure. Sai wata safiya saƙo ya shigo min ina buɗe shago.

"Ɗan Guba, ka tashi?"

"Na tashi."

Ta turo hoto. Bayan ganye, cike da wasu ƙananan ƙwari kamar an barbaɗa gari.

"Sun kama na Mama."

"Kada ki taɓa. Zan zo."

A shago, amsar wannan hoton tana kan shiryayye na biyu, kwalba mai jan murfi. Na daɗe ina kallonta. Ban taɓa ta ba. Da yamma muka daka ganyen darbejiya da tafarnuwa, muka jiƙa a bokiti da ɗan sabulu, muka rufe ya kwana. Saura abin fesawa. Malama ta ce a yayyafa da tsintsiya. Na ce ba zai kai bayan ganye ba, zan kawo famfo.

Da za mu rufe shago na ce wa Baba, "Zan ɗauki sabon famfo ɗaya."

Bai amsa ba. A wurin Baba, shiru izini ne. Na ciro shi daga kwali na kai gida, na jingine a bakin ƙofa.

Da safe babu shi a wurin. A madadinsa ga tsohon famfon Baba. Shuɗin nan da rana ta cinye launinsa, mai igiyar goyo da aka ɗinke da zaren buhu. Famfon da Baba ba ya ba kowa aro, ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. An wanke shi har yana ƙyalli. An sa wa hannunsa mai. An canja masa roba.

Umma ta leƙo daga kicin, ta rage murya.

"Tun asuba yake fama da shi. Ya ce sababbin nan bakinsu toshewa yake, ruwan ganyenku kuma mai kauri ne. Sau nawa ya ɗauraye shi da sabulu, ni dai na gaji da ɗebo ruwa. Kada ka ce na faɗa maka."

Masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Akwai uban da yake rungumar ɗansa. Nawa famfo yake wankewa. Na goya shi a baya, na ji kamar hannunsa ne a kafaɗata.

Na san dokar. A bakin Baba na koye ta, yana faɗa wa duk wanda ya sayi famfo: na ƙwari daban, na ciyawa daban. Maganin ƙwari sabulu yana fitar da shi. Na ciyawa kuwa shigewa yake cikin tiyo ya laɓe, ka wanke ka wanke, ranar da ka zuba wani abu ya biyo shi. Amma wannan famfon bai taɓa shan maganin ciyawa ba. Haka na sani tun ina yaro.

A lambu Mai Buhu ta ɗaure hijabinta ta baya, ta naɗe hannun riga. Ta dubi abin da ke bayana.

"Wannan sabo ne?"

"Wankakke ne."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Na Babana ne. Shi ya wanke da hannunsa."

Ta tsaya. Sai ta yi wani murmushi da ban taɓa gani ba. "Ashe dai ya fara saukowa."

Ita tana ɗaga ganye da yatsu biyu, ni ina fesawa. Buhu bayan buhu. Warin tafarnuwa ya cika wurin, tana tari tana dariya. Wani lokaci feshin ya taɓa bayan hannunta, ta ce in kula, ba ita ce ƙwaron ba. Mai Shayi yana leƙe ta katanga yana cewa a dai bar tazara, ganye na gani. A ranar na yi maganar da ta fi ta wata guda. Na bar famfon a lambu ko za a sake fesawa, na koma gida da ƙafa, ban ji nisan hanya ba.

Ƙwarin suka mutu. Muka yi murna a guruf ɗin waya, Malama har da turo alamar tafi.

Bayan 'yan kwanaki wani hoton ya shigo. Babu rubutu a ƙasansa.

Ina gani na gane. Sababbin ganyen sun nannaɗe, sun tsuke sun zama kamar zare. Kan tsiron ya murɗe ya sunkuya. Na sha ganin manoma sun shigo shago da irin wannan ganyen a hannu, ido jajur. Ba ƙwari ba ne. Ba ƙishi ba ne. Maganin ciyawa ne.

Na bar shagon a buɗe na fita.

Na tarar da su tsaye a gaban layin. Duk buhunan jikin katanga, babu wanda ya tsira. Kawunan furen sun zube a ƙasa. Mai Buhu tana tsugune, farin hijabinta yana jan ƙasa, ba ta ma sani ba.

"Faɗa mana," Malama ta ce. "Kai ka san kayan. Mene ne wannan?"

Na faɗa.

"Zai farfaɗo?"

"Ko ya farfaɗo, ba a cire iri a jikinsa. Ƙasar ma sai an zubar."

Mai Shayi ya tafa hannu. Yau babu wasa a fuskarsa.

"Ni dama na faɗa, kuka mai da ni mahaukaci. Mutum yana sayar da magani, ku buɗe wurin da ake cewa a daina saye, sannan ya wanke muku famfo tun asuba? Don Allah fa? Tsohon ya fi mu wayo, shi ke nan."

"Kai, kama bakinka," Malama ta ce. Amma ba ta ce ƙarya yake ba.

Mai Buhu ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka san da wani abu a cikinsa?"

"Ban sani ba."

"Shi fa?"

Na buɗe baki. Na tuna rediyon nan da aka ƙara wa murya. Na tuna "kana zama da masu cewa". Bakina ya rufe da kansa.

Ta gyaɗa kai kamar na ba ta amsa. "Ka tafi da famfonku."

Wannan shirun nawa shi ya fi komai ci min rai. Ban kare Baba ba, ban kuma ba ta gaskiya ba, don ni kaina ban san gaskiyar ba. Na yi ta juya abin a hanya. Mutumin da ya koya min dokar, zai manta da ita? In bai manta ba, to hannun da na ji a kafaɗata ranar nan, na mene ne?

Na tura mata saƙo. "Ki yi haƙuri." Ya nuna ta karanta. Shi ke nan.

Da la'asar na shiga gida na sauke famfon a tsakiyar tsakar gida, da ƙarfi. Baba yana alwala. Umma tana tsince shinkafa a faranti, Yaya tana shayarwa a bakin ƙofar ɗaki.

"Ya yi aiki?" Baba ya ce, bai juyo ba. A muryarsa akwai wani abu kamar jiran yabo.

Na ciro ganyen daga aljihu na ajiye a kan murfin famfon.

Ya ɗauka. Ya juya shi. Ya kai tiyon hancinsa, ya daɗe yana shaƙa. Na ga fuskarsa tana sauyawa.

"Wa ya zuba maganin ciyawa a famfona?"

"Ni ma shi na zo tambaya."

Sai a lokacin ya dube ni sosai. Ya gane abin da nake nufi. Ban taɓa ganin an mari mutum ba tare da an taɓa shi ba sai ranar.

"Ni?" ya ce a hankali. "Ni kake tambaya?"

Farantin Umma ya kife. Shinkafa ta watse, kaji suka taho da gudu, babu wanda ya kore su.

"Malam," ta ce. "Ƙaninka ne. Da damina, lokacin da ka yi tafiya. Ya zo ya ce ciyawa ta cinye masa gona, nasa ya lalace. Na ce kai ba ka ba da shi. Ya yi ta roƙo har na ba shi. Ya dawo da shi a wanke, na mayar inda yake. Na ga ruwa ne ya shiga, ruwa ya fita. Wallahi ban san yana laɓewa ba."

"Umma!" Yaya ta ce.

"To da kike kirana, ke kin sani ne?" Umma ta mayar mata.

Baba bai yi faɗa ba. Na so ya yi, ko don a samu abin ji. Ya ajiye butar. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Umma, da na taɓa ba ta labarin irin, tana share hawaye da bakin zani tana cewa irin marainiya, irin marainiya ta kashe. Yaya tana ba ta baki. Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Na zargi ubana a fuskarsa, a kan abu ɗaya tak da ya taɓa yi min don ya faranta min.

Ƙofar ta buɗe. Ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, da hular da yake ajiyewa a leda. Bai kalli kowa ba. Ya zagaya bayan durom ɗin ruwa, ya sunkuya, ya fito rungume da ƙaramin buhu.

Na manta da shi. Wallahi na manta.

Ramammen tsiron nan ne. Ya kai tsayin hannu, ganye shar, an kafa masa ɗan kara an ɗaure da zaren buhu. Irin ɗaurin da ke jikin igiyar famfo.

Na dubi Umma. "Ba ke kike ba shi ruwa ba?"

"Ni? Na ɗauka kai ne."

"Wuce gaba," Baba ya ce. "Nuna min wurin."

"Baba, kawo in ɗauka. Rigarka."

"Na ce wuce gaba."

Haka muka ratsa unguwa. Ni a gaba, shi a baya, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ɗiga a farar riga. Masu shaguna suna gaishe shi, yana amsawa da kai.

Mun tarar suna juye buhunan a baro. Mai Shayi ya fara hango mu, ya saki shebur. Mai Buhu ta taho bakin ƙofar, ta riƙe ta da hannu ɗaya. Ta dubi Baba, ta dube ni, sannan idonta ya sauka kan abin da ke hannunsa. Idon ya tsaya a nan.

Ta rusuna ta gaishe shi. Ya amsa. Ya sauke buhun a gabanta a hankali, kamar mai sauke jariri.

"'Yata, ba yaron nan ba ne. Famfona ne. An yi aiki da shi ban sani ba, ni kuma ban shinshina tiyon ba kafin in ba shi. Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane, ranar tawa ban yi ba." Ya share hannu a jikin rigar. "Wannan na gan shi a bayan durom yana neman mutuwa. Ban san na waye ba sai yau."

Ta tsuguna. Ta ɗaga ganye da yatsu biyu, yadda take yi. A ƙarƙashinsa ga ɗan farin fure, ya buɗe.

"Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Me kuka sa masa?"

"Ruwa."

"Ruwa kawai?"

"Ruwa kawai." Ya yi gyaran murya. "Sau biyu ina ɗebo taki a aljihu. In na zo kansa sai in tuna yaron nan zai gane. Da ƙyar na haƙura."

Malama ce ta fara dariya. Mai Shayi ya matso yana sosa ƙeya, ya ce shi fa dama bakinsa ne ba shi da birki, a yafe masa, amma doka doka ce, ko babban baƙo sai an shinshina aljihunsa. Baba ya dube shi. Sai ya zaro aljihunsa biyu waje, ya bar su suna reto.

Sai a lokacin Mai Buhu ta yi kukan. Kaɗan, cikin hijabi. Ta share fuska, ta ɗauki buhun ta rungume, ta buɗe ƙofar gaba ɗaya.

"Ku shigo, Baba. Ku zaɓa masa wuri."

Ya shiga. Na ɗaga ƙafa zan bi shi, ta mayar da ƙofar rabi, ta tsaya a tsakani.

"Kai kuma tsaya nan. Na tambaye ka game da mahaifinka, ka yi min shiru. Mutumin da ya yi ta ba marar lafiya ruwa a bayan durom." Ta gyara riƙon buhun. "Shi na yafe masa. Kai sai ka koyi buɗe baki."

Ta juya ta bi shi. Ƙofar tana nan rabi a buɗe, ba ta sa sakata ba.

Daga inda nake ina hango Baba a tsugune da farar rigarsa, yana murza ƙasar ramin takinmu a tafin hannu, yana kai ta hanci. Na daɗe a tsaye ina haɗa kalmomin da zan shiga da su. Nata, da na Baba. Nasa sun fi wuya.